Za mu shiga jirgin ruwan shaƙatawa da yara uku masu tasowa, a ba su ɗakinsu daban?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa da yara, ba ƙanana ba, waɗanda suka fara tasowa. A Manchester muke zaune. Maigida ya ƙudura hutun watan Agusta mu yi shi a jirgin da ke tashi daga Barcelona, ya bi ta Marseille da Genoa da gefen Roma ya dawo. 'Yata shekararta 15, ƙanenta 13, sai ɗan yayata mai 17 da zai taso daga Kano. Ita yarinyar a ɗakinmu za ta kwana, wannan babu tantama. Mazan ne matsalar. Ko mu ɗauki ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, ko mu ba su marar taga wanda ke kallon namu, ya fi araha da kusan fam 400. Sannan akwai wurin taron matasa da ke kaiwa dare, a bar su su je ko a hana? Ranar Juma'a za mu biya kafin alƙalami.

Abu Sadiq: Wa alaikumussalam. Hajiya, da wannan kuɗin ai da Umara kuka kai yaran. In ruwan ne ya zama dole, akwai jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a watan Disambar 2024, babu giya, babu gidan caca, ga wurin salla.

Ummu Haidar: Abinci fa? Tun wajen biyan kuɗi ki rubuta musu halal kuke ci. In kika bari sai kun shiga, kifi da taliya za ku yi ta ci har ku sauka.

Maman Ihsan: Na gode, amma maganar ɗaki nake tambaya.

Hajiya Babba: Ƙanwata, biya fam 400 ɗin nan ki samu barci. Bari ki ji abin da ya same mu, ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Lokacin 'yata tana da shekara 14. Wurin matasan nan da kike tambaya, ki sani ba raino ake yi ba. Ƙananan yara ne sai iyaye sun sa hannu a fito da su. Daga shekara 12 ko 13, yaro shi ke shiga ya fita abinsa, babu mai kiranki ya ce ga ta nan ta fita. Wani dare wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta taso za ta dawo ɗaki, wani ƙato yana warin giya ya shiga lifta tare da ita. Ya tambayi sunanta, ya tambayi lambar ɗakinta, ba ta amsa ba. Ta fita, ya biyo ta. Hanyar ɗakunan nan doguwa ce, ƙofofi iri ɗaya, kafet a ƙasa ba a jin takun mutum. Hannunta na rawa ta kasa sa katin a ƙofa, sai bugawa take da tafin hannu tana kiran Mama. Da na buɗe yana tsaye taku uku daga bayanta, ya juya ya tafi kamar ba shi ba. Takalminta ɗaya a bakin lifta muka tsince shi.

Muka je wajen jami'an tsaro. Suka rubuta, suka ce za su duba kyamara. Washegari aka ce sun gane shi, sun yi masa magana, tunda bai taɓa ta ba babu abin da za a yi. Na nemi a ba ni kwafin rahoton, aka ce in rubuta wa babban ofis. Muka ci gaba da haɗuwa da shi a wurin cin abinci har ranar sauka, yarinya ta ƙi fita daga ɗaki. Da muka dawo na rubuta, abin da suka aiko shi ne rangwame a tafiya ta gaba. Har yau ba ta shiga lifta ita kaɗai.

Ummu Haidar: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa, Hajiya. Jikina har ya yi sanyi.

Baban Walid: Abin da mutane ba su sani ba ke nan. A tsakiyar teku dokar ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ce ke aiki, yawancinsu kuwa rajistar Bahamas ko Malta ko Panama gare su. Babu 'yan sanda a ciki, masu tsaron ma'aikatan kamfani ne. Amurka ce ta yi doka a 2010: shingen gefen jirgi kada ya gaza inci 42, ƙofar ɗaki ta zama da hudar leƙe, manyan laifuka kuma a kai wa FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, rahoto. Ma'aikatar sufurinsu tana fitar da alƙaluman, kuma cin zarafi ta hanyar lalata shi ne laifin da aka fi kai rahotonsa. Amma dokar ta jiragen da ke ɗauka ko sauke fasinja a tashoshin Amurka ce. Naki na Barcelona ba lallai ta hau kansa ba.

Zango Boy: Ni daga Kumasi nake, na yi aikin gyaran ɗakuna a irin jiragen nan. Hajiya Babba, Allah ya ba da haƙuri, amma kada a tsorata Anti. Jirgi gari ne guda a kan ruwa, akwai na kirki akwai na banza. Abin da na gani da idona, yawancin rigimar matasa daga junansu take tasowa, a ɗakin wani da iyayensa suka tafi kallon wasa. Doka ɗaya ki kafa: babu shiga ɗakin kowa, babu kawo kowa ɗakinku. Abin sha in an ajiye an juya baya, a bar shi. Kada a rubuta lambar ɗaki a jikin kati. Mai 17 ɗin nan ki fi sa wa ido, domin jiragen da ke tashi daga Turai da yawa daga 18 suke sayar da giya, abokan da zai yi sun isa saye.

Baban Walid: Da girmamawa, wanda kamfani ya biya albashi ba shi zai faɗa mana laifin kamfani ba.

Zango Boy: Malam, kai karantawa ka yi, ni na kwana a ciki wata da watanni. Ka taɓa taka jirgin?

Hajiya Babba: Ku duka biyun ba ku buɗe ƙofa kun ga fuskar 'yarku a wannan hali ba.

Ɗan Fagge: Maganin abin mai sauƙi ne. Maman Ihsan da 'yarta ɗaki ɗaya, Alhaji da samarin ɗaki ɗaya. Sai dai Alhajin da ya shirya amarci na biyu a kan teku ya wayi gari yana rabon caja da neman safa. 😂

Ummu Haidar: Kai Ɗan Fagge Allah ya shirye ka. Amma fa maganarsa gaskiya ce.

Anti Rabi Tafiye-tafiye: Ni sana'ata ke nan. Fam 400 ya yi yawa, ɗaki mai ƙofa a tsakani bambancinsa ba ya wuce fam 150 in an kama da wuri. Kuma ki tambaya, kamfanoni da yawa ba sa yarda a rubuta ƙananan yara su kaɗai a ɗaki sai in yana manne da na iyaye ko yana kallonsa. Ki turo mini saƙo.

Maman Affan: Anti Rabi, wane fam 150 a watan Agusta? Mu bara sama da 600 muka ƙara, ban da tukwicin ma'aikata da ake cirewa kullum a kan kowane mutum. Ki kuma je teburin karɓar baƙi ranar farko ki sa iyaka a katin yaran, domin katin buɗe ƙofa shi ne na sayayya. Nawa ɗan a wurin wasannin kwamfuta ya ƙarar da nasa. Wayoyi a sa su a yanayin jirgin sama, layin teku tsadarsa ba a magana. Manhajar jirgin tana da wurin tura saƙo, da ita muke neman juna.

Anti Rabi Tafiye-tafiye: Da ta hannuna kika bi da ba ki biya haka ba.

Baban Walid: Talla ta fara.

Zango Boy: Anti Maman Ihsan, abu biyu na manta. Atisayen ceto da ake yi kafin jirgi ya tashi, ki kai yaran da ƙafarsu su ga wurin taruwarsu, harafinsa na jikin katin. Bayan jirgin Costa Concordia ya kife a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, aka tsaurara wannan. Na biyu, kamfanonin Carnival da Royal Caribbean suna hana 'yan 17 zuwa ƙasa yawo ba tare da babba ba bayan ƙarfe ɗaya na dare. Ƙarfe ɗaya ya yi nisa, ki sa naki lokacin, kuma babban ya rako ƙananan har ƙofa.

Maman Affan: Tsaya tukuna. Shi na Kano ya samu biza? Sifaniya da Faransa da Italiya duk Schengen ne, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, bizar Ingila ba ta aiki a can. Daga Najeriya zai nema, da takardar amincewar iyayensa, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. In babu biza a hannu ba za su bar shi ya hau ba, kuɗin ɗaki kuma ya tafi.

Abu Sadiq: Nan ne ciwon. Kuɗin bizar ya koma yuro 90 tun 2024, in sun hana ba sa mayarwa. Ƙanena ya kai komai, takardar aiki, bayanan banki, tikitin dawowa, wani ofishin jakadanci ya ce bai gamsu zai koma gida ba. Mutum da mata da 'ya'ya huɗu da shago a Kantin Kwari!

Ummu Haidar: Mu da ke zaune a nan da koren fasfo ma haka muke fama. Samun ranar ganawa kaɗai sai ka yi ta tashi da asuba kana duba shafi, 'yan tsakiya sun kwashe suna sayarwa.

Maman Ihsan: Wallahi ban san daga Najeriya zai nema ba, na ɗauka in ya iso nan za mu haɗa gaba ɗaya. Hajiya Babba, na gode da kika faɗa mana, na karanta wa maigida. Har yanzu dai shi yana kan mai arahar. Wa ya nemi bizar Sifaniya daga Najeriya kwanan nan, sati nawa ta ɗauka?

Ɗan Fagge: Na maƙwabcinmu sati uku.

Abu Sadiq: Wane sati uku? Namu ya haura wata biyu, kuma fasfon ya dawo babu komai a ciki.