Matar ɗaki na 217: fatalwa ce, aljana ce, ko kasuwa?

Sadiya: Salamu alaikum mutanen gida. Jiya ni da Baban Amir muka je garin Estes Park a nan Amurka, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota daga birnin Denver, muka ci abinci a otal ɗin Stanley. Farin gini ne na katako a gindin duwatsu, tun 1909 yake nan. Matar da ke zagayawa da baƙi ta ce mana a ɗaki mai lamba 217 akwai fatalwar wata tsohuwar ma'aikaciyarsu, Elizabeth Wilson. Wai sai baƙo ya bar kayansa a watse, ya dawo ya tarar an ninke masa su tsaf. Wai kuma in namiji da mace suka kwana ba aure tsakaninsu, sai su ji wani sanyi ya ratsa ya raba su.

Abba: Ashe Hisba ta riga mu zuwa Amurka.

Gwaggo Hajara: Kai Abba, ka kiyayi bakinka. Ke kuma Sadiya me ya kai ki, har da ƙaramin yaro? Tsohon gini ba ya rasa masu shi. Ni na yarda.

Yaya Kabiru: Gwaggo, a yi mini aikin gafara, amma labarin nan tun daga tushe ya karkace. Abin da ya faru a watan Yuni na 1911 shi ne: wutar lantarki ta ɗauke, aka koma fitilun gas, gas ɗin ya tsiyaya ya cika ɗakin, ita kuma ta shiga da wuta a hannu. Ɗakin ya tarwatse, daɓen ya rufta da ita zuwa ɗakin cin abinci da ke ƙasa, ta karye a idon sawu biyu. Amma ba ta mutu ba! Ta warke, ta koma bakin aikinta shekara da shekaru.

Gwaggo Hajara: To har yau tana raye ne? Ai ta mutu daga baya. Wanda ya saba da wuri yakan waiwaye shi.

Yaya Kabiru: In haka ne sai mu ga fatalwar kowane tsohon masinja a sakatariya. Ga abin da nake so a duba. A ƙarshen kakar 1974 marubucin nan Stephen King ya sauka a otal ɗin da matarsa, ana shirin rufewa saboda hunturu. Su kaɗai ne baƙi. Suka ci abincin dare a ƙaton ɗaki, duk sauran kujerun an kife su a kan tebura. Aka ba su ɗaki na 217. Da dare ya yi mafarki tiyon kashe gobara yana bin ɗansa ɗan shekara uku da gudu a barandar otal. Mafarki fa, shi da kansa haka ya ce. Daga nan ya rubuta littafin ban tsoro The Shining, ya fito a 1977. Fim ɗin littafin na 1980 ma ba a can aka ɗauke shi ba: gaban ginin na wani otal ne a jihar Oregon, cikin kuma a Ingila aka haɗa shi. Bayan wannan ne sunan wurin ya fita da fatalwa, yanzu har tikiti ake yanka na zagayen dare. Tsakani da Allah, wa zai kashe kazar da ke yi masa ƙwai?

Kawu Malam: Na karanta duka. Hajara, ke da Kabiru kowa ya kauce. Mamaci ba ya dawowa. Ku duba Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100: wanda mutuwa ta zo masa ya roƙi a mayar da shi, aka ce a'a, akwai barzahu a tsakani har ranar tashi. Saboda haka baiwar Allah nan ba ta ninke rigar kowa ba tun da ta bar duniya. Amma kai ma Kabiru kada ilimin boko ya ɗebe ka ka ce babu komai ko'ina. Aljanu gaskiya ne, kuma suna iya rikiɗa.

Yaya Kabiru: Na yarda da aljanu, Kawu. Abin da ban gane ba, aljanin da ya rasa aikin yi sai ninkin wandon Bature.

Kawu Malam: Ban ce yana nan ba. Cewa na yi in ma akwai wani abu, to ba ita ba ce. Ka iya rarrabe magana.

Gwaggo Hajara: To shi kiɗan fa? Sadiya, ba ke kika ce mini a waya fatalwar matar wanda ya gina otal ɗin tana kaɗa fiyano da dare ba?

Sadiya: Flora, haka suka ce, Gwaggo. Na ga fiyanon da idona, shiru yake kamar akwati. Amma bari in faɗi wanda ya same ni. Mun fito bayan magariba, muna nufin mota, sai muka ji wata ƙara siririya daga cikin duhu, kamar mace na ihu kamar ana busa usur. Amir ya ƙanƙame mini zane, ni kuwa duk addu'ar da ta zo bakina yi nake. Baban Amir ya kunna fitilar mota, sai ga wata ƙatuwar barewa, ƙahoninta kamar rassan bishiya, tana tsaye a kan ciyawa. Ashe lokacin barbararsu ne, mazan ke wannan kukan. Da ban gan ta ba, wallahi da yanzu ina bayan Gwaggo.

Yaya Kabiru: Kin gani ko. Ƙara da wannan: garin yana kan tudu kusan mita 2,300. Baƙo can barci ba ya yi masa daɗi, ga ciwon kai, ga katako mai shekara ɗari da ɗoriya yana ƙara in dare ya yi sanyi. Kuma abin mamaki, shi Freelan Stanley da ya gina wurin tarin fuka ne ya kai shi can a 1903, iskar ta karɓe shi, ya rayu har 1940. Wurin da ya yi suna da warkarwa, yau da fatalwa ake tallarsa.

Sadiya: Duk da haka Yaya, a barandar hawa na huɗu tsigar jikina ta tashi, kuma can babu barewa.

Gwaggo Hajara: Yauwa! Jiki ba ya ƙarya.

Yaya Kabiru: Bayan an shafe awa ana cika miki kunne da labarin matattu? Ko a tsakar gidanmu aka yi miki haka sai ta tashi.

Kawu Malam: Sadiya, ki tofa wa yaron Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta. Ba don matar ba, don firgitar da ya yi.

Sadiya: To Kawu, in sha Allah.

Abba: Anti Sadiya, ki tambayar mini ita ko tana guga. Ina da kaya kwando biyu.