Lambobi nawa ne ke raba 720,720 ba saura?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirya wa 'yan aji ɗaya na babbar sakandare darasin rarraba lamba, na zaɓi 720,720. An ce lambobi 240 ne ke raba ta ba saura. Ta yaya za a nuna wa yara haka ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ba?

Malama daga Gusau:
Wa alaikumus salam Malam. Ka fara nuna musu cewa 720 ce aka rubuta sau biyu, wato 720 × 1,001. Ita 1,001 kuwa 7 × 11 × 13 ce, 720 kuma 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5. Ke nan 2 ta fito sau 4, 3 sau 2, sai 5, 7, 11 da 13 kowace sau ɗaya. Ka ƙara ɗaya a kan kowane adadi ka ninka: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240.

Wannan ƙarin ɗayan shi ne inda yara ke faɗuwa, sai ka ga sun kawo 8. Dalilinsa shi ne mai raba lambar yana iya ɗaukar 2 sau ɗaya, biyu, uku ko huɗu, yana kuma iya barin ta gaba ɗaya. Zaɓi biyar ke nan, ba huɗu ba. A cikin 240 ɗin akwai 1 da ita kanta 720,720.

Malam na Yawuri:
Bayanin Malama ya wadatar. Abin da zan ƙara, wagga lamba ita ce mafi ƙanƙanta da duk lambobi daga 1 zuwa 16 ke rabawa. A 17 take tsayawa, saura 5 ke raguwa. Gwajin 16 da lambobi huɗu na ƙarshe ake yi: 0720 ÷ 16 = 45. Kada yaro ya ce tunda 8 ta raba, 2 ta raba, to 16 ma za ta raba. 24 ta ƙaryata shi.

Almajirin Talata Mafara:
Allah ya saka wa malamai. Wajen rukuninta: babu wata lamba ƙasa da ita da ke da masu raba ta har 240. Ba murabba'i ba ce, wato ba a samun ta ta hanyar ninka wata lamba da kanta, domin 5 ta fito sau ɗaya tak. Idan aka tara masu raba ta ban da ita kanta, ana samun 2,529,072, fiye da ninki uku nata.

Malam, in kana son yara su ga amfanin darasin, kai su ga rabon gado. Asalin mas'ala, wato adadin kason da ake raba gadon a kai, yakan zama 6, 8, 12 ko 24, duk suna raba ta. In an yi auli, wato aka ƙara asalin don rabon magada ya zarce shi, zuwa 7, 9, 10, 13 ko 15, nan ma naira 720,720 za ta rabu cif. Amma 17 da 27 ba su shiga. Ita 27 tana buƙatar 3 sau uku, mu kuwa sau biyu muke da ita, shi ya sa saura 9 ke fita.