Ƙanena ya haddace kalmomin Turanci sun fi dubu, amma malami sai jan layi yake masa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Ƙanena yana ajin ƙarshe a sakandare, ni nake riƙe da shi tun rasuwar babanmu. Ni aka cire ni daga makaranta ina aji biyar, har yau abin na ci min rai, shi ya sa na ƙudura shi ba zai tsaya ba. Na saya masa ƙamus, kullum manyan kalmomi 10 daga harafin A, da dare in riƙe littafin yana biya min ma'ana. Wata huɗu ke nan, mun shiga C. Jiya ya kawo insha'insa duk jan biro. Ya rubuta "I abdicated my seat for an old man", malamin ya zagaye kalmar ya sa alamar tambaya. To ina laifin? Jarabawa ta gabato.

Tsohon malamin Turanci: Wa'alaikumus salam. Baiwar Allah, abdicate ta sarki ce da ya sauka daga karagar mulki, ba wanda ya tashi a kujera ba. Ki ajiye wannan ƙamus. Tun da Normaniyawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci suka cika Turanci, ga na Latin da Girkanci. Saiwar kalma, wato tushenta, zai koya: bene alheri, mal mugun abu, tele nesa. Ya san bene, ya buɗe benefit da benevolent a lokaci guda. Akwai kuma jerin da masaniyar harshe Averil Coxhead ta fitar a 2000, gidan kalma (wato kalma da danginta) 570 da suka fi yawo a rubutun ilimi, irin su analyse da significant. Shekara talatin ina koyarwa, ban ga abin da ya fi wannan ba.

Maman 'yan biyu: Ke ki gode wa Allah naki yana zama ya haddace. Nawa waya ta cinye su, ko sunan wata ba sa iya rubutawa daidai, in na yi magana babansu ya ce na cika takura.

Ɗan jami'a: Aunty, mantuwa ce matsalar. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna yawancin abin da aka haddace yana zubewa da wuri in ba a waiwaye shi ba. Ki sa masa manhajar Anki a waya, ita ke dawo da kalma daidai lokacin da zai manta.

Tsohon malamin Turanci: Yaro, waya kuma? Ba ka ji kukan da ake yi a sama ba?

Wata malama: Malam, da girmanka, saiwa na yaudara. Understand ba tsayuwa a ƙarƙashi ba ce. Kalma da abokan tafiyarta ake koyonta: heavy rain ake cewa, ba strong rain ba, kuma karatu ne kaɗai ke ba da wannan. Yar uwa, yana karanta labari ko jarida kuwa? Ba ki faɗa ba.

Mai tambaya: Na gode duka. Amma gaskiya hadda ba ta taɓa cutar da kowa ba, kuma ma'anar da ya ba ni ita ce a ƙamus, ni na duba da idona. Ina ganin malamin nan ne bai son sa.

Tsohon malamin Turanci: Malamin ya yi daidai. Ni da sifili zan ba shi.

Mai tambaya: Haba Malam. To yanzu mu ƙarasa C ɗin tukuna, ko mu tsallaka?