Neman shawara: ɓerayena na mutuwa bayan dashen hanji, in ƙara magani?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina aikin dashen ƙaramin hanji daga ɓeraye jinsin Brown Norway zuwa jinsin Lewis, ina yi musu allurar tacrolimus, maganin danne garkuwar jiki don kada ta ƙi dashen. Wajen ƙarshen makon farko sai su fara gudawa, su rame, su takure a lungun keji, wasu su mutu. Abokan aikina sun ce jiki ne ya ƙi dashen, in ninka maganin. Me kuka gani?

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki ninka tukuna. Hanji ba kamar ƙoda ba ne, cike yake da ƙwayoyin cuta. Idan bangonsa ya yi rauni sai su tsallaka cikin jini, ke kuma kin riga kin danne garkuwar da za ta tare su. In abin da ke kashe su ke nan, ƙarin magani ƙara wa wuta fetur ne. Kina da rukunin da kika yi wa dashe daga Lewis zuwa Lewis?

Ɗalibar: Babu, ranka ya daɗe. Ɓerayen tsada gare su.

Likitan dabbobi: To nan gizo ke saƙa. Jininsu ɗaya, ba zancen ƙin dashe a tsakaninsu. In su ma suna mutuwa, sai ki koma kan ɗinkin jijiyoyi da tsawon lokacin da hanjin ke yi ba jini.

Malamin nazarin cututtuka: Ki yanko ɗan naman hanjin ki duba a maikuroskof, kada ki jira dabba ta mutu, domin hanji na saurin ruɓewa. Raunin rashin jini daga kan 'yan tsirarrakin bango yake farawa, a sama. Ƙin dashe kuwa daga ƙasa yake somawa, cikin ramukan da ke gindinsu: za ki ga ƙwayoyin halitta suna mutuwa ɗai-ɗai, fararen ƙwayoyin jini sun yi dandazo a gefe. Sai ya yi nisa bango ke saluɓewa.

Ki kuma leƙa kunnuwansu da tafin ƙafa. Idan sun yi ja, gashi na zuba, wataƙila dashen ne ya juyo kan mai karɓa, don hanji na zuwa da tarin kaluluwa da mayaƙan garkuwarsa. Masu bincike Monchik da Russell sun raba waɗannan biyu tun 1971 ta hanyar amfani da ɓeraye ruwa-biyu: hanjin ruwa-biyu a cikin tsantsar jinsi ƙin dashe kaɗai yake jawowa, akasin haka kuma farmakin dashe kaɗai.

Likitan tiyata: Hajiya, ko sun rayu kada murna ta yi yawa. Ɓera na da sauƙin lallashi. Ɗan gajeren magani kan sa ya riƙe hanjin watanni, amma in kika buɗe shi daga baya sai ki tarar jijiyoyin sun tsuke, tantanin ya yi tabo. Likitan tiyata Lillehei ya fara dashen hanji da karnuka a Minnesota ta Amurka a 1959, amma dashen bai kankama a jikin mutane ba sai da aka fara amfani da tacrolimus a Pittsburgh ta Amurka wajen 1990. Saboda sauƙin ɓera ne ake gwadawa a aladu kafin a yi zancen ɗan Adam.

Ɗalibar: Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Gobe zan kai wa mai duba aikina maganar rukunin Lewis. Malam, wane ɓangaren hanjin zan yanko?

Malamin nazarin cututtuka: Ki ɗauka daga wurare da dama, nesa da ɗinki, ki haɗa da kaluluwar tantanin. Ƙin dashe ba ya kama ko'ina lokaci ɗaya.