Waƙa: Tarihin Mawaƙi ce ko Ƙagen Labari?

Malamin makaranta, Garwa:
Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne duk waƙar da ta ratsa zuciya tarihin mai ita ce, domin mutum ba ya iya siffanta ciwon da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Hujjata ita ce marsiyyar da Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837. Mamacin sananne ne, mai kukan ma sananniya ce, babu abin da aka ƙaga.

Hajiya, Marwa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka zaɓi marsiyya ne saboda ita ce ta fi goyon bayanka. To, ina za ka kai ƙasidar da Ka'abu ɗan Zuhairu ya rera a gaban Manzon Allah (SAW) a Madina? Ya buɗe ta da kukan rabuwa da Su'adu, kamar yadda mawaƙan Larabawa suka saba buɗe ƙasida da begen masoyiya, kuma ba a tsayar da shi an tambaye shi 'yar gidan wa ce ba, sai ma aka yafa masa mayafi. Abin da yake na rayuwarsa, wato tsoron hukunci da neman afuwa, sai can gaba ya zo. Ashe ƙasida ɗaya tana iya ɗaukar al'adar waƙa da gaskiyar mai ita tare. Ko a nan Diyamare, yankinmu na Marwa a arewacin Kamaru, masu waƙar mbooku ta Fulatanci suna rera labarin yunwa da yaƙin da aka yi kafin a haife su, dattawa kuma su yi ta girgiza kai.

Ɗalibi, Ngaundare:
Ina bayan Hajiya. Aya ta 226 a Suratush Shu'ara ta ce mawaƙa suna faɗin abin da ba sa aikatawa.

Dattijo, Njamena:
Ɗana, ka ƙarasa karatun, domin aya ta 227 ta keɓe waɗanda suka yi imani suka aikata alheri. Ni abin da ya dame ni shi ne ɓarnar da ra'ayin Malam yake jawowa a cikin gidaje. Wani ɗan ƙanena ya rubuta waƙar bege da muryar saurayin da budurwa ta guje wa, aka karanta ta a rediyo, kafin la'asar surukarsa ta aiko a tafi da 'yarta, wai ya tona asirin zuciyarsa. Sai da muka je biko mu uku, muka zauna a zaure har bayan isha'i muna ba da haƙuri a kan yarinyar da babu ita a duniya.

Malamin makaranta, Garwa:
Baba, na amince kada a mayar da baiti shaidar da za a hukunta mutum da ita, kuma ban ji daɗin abin da ya sami yaron ba. Amma ban janye ba. Ko da babu yarinyar, zafin rabuwar da ya zuba a baitocin nan a wani wuri ya san shi. Hajiya, in babu tsoron da ya kawo Ka'abu Madina, kina ganin kukan Su'adu kaɗai zai sa a riƙa haddace ƙasidar har yau?