Nauyina ya tsaya cak, ta ina zan ƙara kalori?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan ina ɗaga ƙarfe. Na tashi daga kilo 61 zuwa 65, amma yau mako shida sikeli ya ƙi motsi, alhali ina cin kalori 2,600 kullum (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa).

Na san sai na ƙara kamar 300, to cikina ne matsalar. In na ƙara shinkafa da daddare sai in kwana a kumbure, da safe ko ƙwai biyu ba na iya gamawa.

In koma markaɗa madara da ayaba ina sha ne, ko in riƙa zuba man zaitun a abinci, tunda babban cokali ɗaya ya kusa kalori 120? Tsorona kada ƙarin ya ƙare a tumbi. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali, yaya ka yi?