Hirar Ƙofar Soro kan kare kuskure

Jiya bayan la'asar, hirar majalisarmu ta Ƙofar Soro ta faɗa kan yadda mutum ke kare kuskurensa. Wani malami ya ce Leon Festinger, masanin halayyar ɗan Adam, ya yi bayaninsa a 1957: idan aikinka ya saɓa wa abin da ka yarda da shi, zuciya ba ta natsuwa sai ka ƙirƙiro hujja.

Shawarar da aka fi nanatawa ta 'yan hatsi ce. Kafin ka sayi gero don ajiya, rubuta farashin da za ka sayar ko da asara, domin da ka zuba kuɗi, labarin tashin farashi kaɗai kunnenka zai ji. Wani dattijo ya ce a tambayi wanda ba ya jin nauyinka. Wannan kam da wuya a Katsina, inda ƙane ke kunyar gyara wa yayansa.